Zare: Dambe tsakanin DVD-R da DVD+R, da abin da ya bari a jakar faya-fayan gidanku

1/
Jama'a, duk wanda a gidansu akwai jakar faya-fayan nan da aka cusa ƙasan wadirob, ya zaro ɗaya ya duba rubutun jikinsa. Ko dai DVD-R ne, ko DVD+R. Ɗan layi ɗaya ne ya raba su. To a kan ɗan layin nan manyan kamfanonin Japan da Turai suka kwashe shekaru suna dambe. Zare ne, ku gyara zama 🧵

2/
Kada ku ɗauka labarin 'yan kwamfuta ne kawai. Bikin iyayenku, sunan ƙanwarku, walimar sauka, muryar kakar da ta riga mu gidan gaskiya, da yawa a kan irin waɗannan faya-fayan suke kwance. Faifan da mai kyamara ya zaɓa a ranar yana da hannu a kan ko za ku sake ganinsu.

3/
Sai mun fara da kaset. A 1975 Sony ta fito da Betamax, a 1976 JVC ta fito da VHS. Kaset ɗin Beta na farko awa ɗaya yake ɗauka, na VHS awa biyu, wato fim guda cif. JVC kuma ta sakar wa sauran kamfanoni lasisi. A 1988 Sony da kanta ta fara ƙera bidiyon VHS. Waɗanda suka sayi Beta aka bar su da cizon yatsa.

4/
VHS ɗin nan shi ya zama bidiyon gidajenmu. Turmin Danya ma na 1990 a kaset ya fito. Kuma kaset ba shi da wani tsirfa: ka sayi emti, ka zura, ka danna jan maɓalli. In ka gaji da abin da ke kai ka ɗora wani. Ba wanda zai tambaye ka wane iri. Faifai ya daɗe bai kai ga wannan sauƙin ba.

5/
CD ya zo a 1982, haɗin gwiwar Philips na ƙasar Holan da Sony. Shi a masana'anta ake buga shi, kamar a danna hatimin ƙarfe a kan roba, ya bar 'yan mitsi-mitsin ramuka da hasken leza ke karantawa. A gida ba ka da yadda za ka ɗora masa komai.

6/
A 1988 wani kamfanin Japan, Taiyo Yuden, ya ƙera CD-R. Maimakon ramuka sai aka shimfiɗa siririn rini a ciki. Leza ta bi tana ƙona ɗigo-ɗigo a jikin rinin, na'ura ta karanta su kamar ramuka. Ka ji asalin "ƙona faifai". Ƙonawar gaske ce.

7/
Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa: faifan kamfani bugu ne, faifan da aka ƙona a shago ko a gida rini ne. Kowa kuwa ya san abin da rana ke yi wa rini.

8/
1993 aka samu VCD, daga Philips, Sony, JVC da Matsushita mai Panasonic. Minti 74 yake ɗauka, hoto ɗigo 352 a 288. Turai da Amurka ba su wani kula shi ba. Sin da maƙwabtanta ne suka rungume shi, na'urorinsu masu araha suka iso mana. Shi ya sa fim ɗin Indiya ɗaya ke zuwa a faifai biyu ko uku. Ba shi da makullin hana kwafa, abin da 'yan fim na Kano suka ɗanɗana kuɗarsa a kasuwar Ƙofar Wambai.

9/
Yanzu DVD. Tsakanin 1994 da 1995 gida biyu aka rabu. Sony da Philips suna da nasu faifan mai suna MMCD. Toshiba da Time Warner da Matsushita suna da SD. Saura ƙiris a maimaita rikicin Beta, sai kamfanonin kwamfuta, IBM a gaba, suka ce ba za su karɓi ko ɗaya ba sai an haɗa kai. A Satumban 1995 aka yi sulhu. DVD ya shiga kasuwar Japan a Nuwamban 1996, Amurka a Maris 1997.

10/
Amma sulhun na faifan kallo ne kawai, kuma ya fi karkata ga tsarin Toshiba. Sony da Philips sun saba karɓar kuɗin lasisi a kan kowane CD da aka buga a duniya, yanzu ga shi za a raba tuwon da mutane da yawa. A ganina nan ne tushen duk abin da ya biyo baya. Da aka zo maganar faifan ɗauka, kowa ya kama gabansa.

11/
Ƙungiyar da ke kula da tsarin a wancan lokacin sunanta DVD Forum. A ƙarƙashinta Pioneer ta fito da DVD-R a 1997. Gigabait 3.95 yake ɗauka a lokacin, na'urar ƙona shi kuma dala 17,000. Wannan ai ba ta ɗakin kowa ba ce, ta masu shirya fim ce. Daga baya aka kai shi 4.7 ɗin da muka sani.

12/
A 1999 Pioneer ta ƙaro DVD-RW, wanda ake gogewa a sake ɗauka kamar sau 1,000. A Disamban shekarar ta saki DVR-1000 a Japan, na'urar farko ta gida da za ka ɗauki shirin talabijin kai tsaye a faifai.

13/
A cikin Forum ɗin dai, Panasonic da Toshiba da Hitachi suna da nasu ɗan lelen: DVD-RAM, wanda ya fito kasuwa a 1998. Bari in ɗan tsaya a kansa, don ni a wajena duk cikinsu babu kamarsa.

14/
Sau 100,000 aka ce ana iya sake rubutu a kansa. Yana aiki kamar rumbun ajiyar kwamfuta: ka goge wannan shirin, ka bar wancan. In wani wuri ya lalace a jikinsa, da kansa yake tsallakewa ya ajiye a wani wurin. In ka juya shi za ka ga wasu 'yan gajerun layuka a jere kamar zanen tabarma, alamomin adireshi ne da aka buga tun daga masana'anta.

15/
Ga wadda ta fi burge ni. Ana ɗaukar ƙwallo, ka dawo daga masallaci an yi minti 20 da take wasa. Sai ka fara kallo daga farko, na'urar kuma tana ci gaba da ɗaukar sauran a kan faifan nan ɗaya. A farkon shekarun 2000 fa. Kaset bai taɓa mafarkin haka ba.

16/
To me ya kashe shi? Yawancin na'urorin DVD na gidaje ba sa karanta shi. Na farko-farkon ma a cikin wani akwatin roba suke zuwa, ko shiga bakin na'ura ba sa yi. Faifan da ba za ka ba maƙwabci aro ba, ba za ka aika wa gwaggo a ƙauye ba, ina amfaninsa a biki? Ya yi rayuwarsa a Japan da gidajen masu Panasonic, shi ke nan.

17/
Su kuwa Sony da Philips da HP sai suka ja tasu tawagar a wajen Forum, da Ricoh, da Yamaha, da Mitsubishi Chemical mai Verbatim, daga baya Dell da Thomson. DVD+RW ya fito a 2001, DVD+R a 2002.

18/
Ku kalli wayon sunan. Layin da ke DVD-R asali karan ɗori ne kawai, irin na CD-R. Da waɗannan suka sa wa nasu alamar tarawa, sai duniya ta koma kiran na Pioneer da "mainos". Ka shiga shago, ga mai ƙari ga mai ragi, wanne hannunka zai fara kaiwa? Ko sisi ba su kashe ba suka ɓata wa abokin hamayya suna 😂

19/
Forum ta rama. Ta hana su amfani da tambarin DVD. Shi ya sa a jikin faifan "+" za ka ga wani tambari mai harufan RW, har a kan DVD+R da ba ya goguwa. Mutane da yawa sun saya suna zaton za su goge su sake ɗauka. Ina!

20/
Shin akwai bambancin gaske a ciki? Akwai. Emtin faifai ba fili ne fetal ba. An riga an yi masa huɗa tun daga masana'anta, kwari da kunya, layi ɗaya da ke kewayawa daga tsakiya zuwa baki. Kwarin ba miƙaƙƙe ba ne, yana 'yar tangaɗi kamar tafiyar maciji, da ita na'ura ke auna gudunta.

21/
Na'ura tana buƙatar sanin inda take a wannan doguwar gonar. A tsarin "-" an kafa 'yan alamomin adireshi a kan kunya. A tsarin "+" an saƙa adireshin a cikin tangaɗin kwarin kansa, tangaɗin kuma ya fi na "-" sauri kusan ninki shida. Sakamakon shi ne "+" ya fi iya tsayawa ya ci gaba daga daidai inda ya tsaya. A injiniyance sun ɗan fi. A ido, hoton ɗaya ne sak.

22/
Girma ma kusan ɗaya ne. DVD-R na ɗaukar bait 4,707,319,808, DVD+R na ɗaukar 4,700,372,992. Wajen megabait 7 ke nan tsakani, waƙa ɗaya ko biyu. In kwamfuta ta nuna maka 4.38 ko 4.37 ba a cuce ka ba, su da 1,000 suke lissafi, ita da 1,024.

23/
Inda mai gida ya ji a jikinsa shi ne wajen kunnawa. DVD-R ya riga zuwa, don haka tsofaffin na'urori sun fi gane shi. 'Yan "+" sai suka ɓullo da dabara: wasu na'urorin ƙonawa na iya rubuta wa faifan shaidar cewa shi DVD-ROM ne, wato bugun kamfani. Faifai ya yi wa na'ura ƙarya, ita kuma ta buɗe masa ƙofa.

24/
Sai babbar matsalar, rufe faifai. A menu "Finalize" ake rubutawa. Na'urar ɗauka tana zuba bidiyo a faifai, amma jadawalin da ke gaya wa sauran na'urori inda komai yake ba a kammala shi sai an rufe. Kafin nan, wadda ta ɗauka ce ke gane shi, ko 'yar'uwarta.

25/
Na sha ganin wannan. Mai ɗaukar biki ya kawo faifai, an taru a falo har da maƙwabta, an tayar da janareta, a zura, allo ya rubuta NO DISC. A goge da gefen zani, a hura masa iska, a sake zurawa. Shiru. A ce faifan banza ya kawo. Sau da yawa bikin na nan a ciki lafiya lau, rufewa ce ba a yi ba.

26/
Don haka in kuna da irinsa kada ku jefar. Akwai manhajojin kwamfuta da ke iya zaƙulo bidiyo daga faifan da ba a rufe ba. Ka juya shi a haske, in ka ga launin ciki ya bambanta da na baki, an ƙona wani abu a kai.

27/
DVD-RW ya ƙara dagula lissafi da yanayi biyu. Video: yana kunnuwa kusan ko'ina bayan an rufe, amma ba ka da sakewar yanka da gyara. VR: ka yanke talla, ka sake jeri, amma na'urori da yawa su ce ba su san zancen ba. DVD+RW shi galibi ba ya buƙatar rufewa, ka zaro ka kai gidan wani. Wannan kam sun kyauta.

28/
Akwai wani zaɓin da ya fi alamar "-" da "+" tasiri a kan hoto, kuma ba a cika maganarsa ba: XP, SP, LP, EP. Awa 1, awa 2, awa 4, awa 6 a faifai ɗaya. Faifan bai ƙara girma ba. Koko ne kofi ɗaya ake ta tsinka shi da ruwa don ya ishi mutum shida.

29/
Tsarin matse bidiyo na DVD, MPEG-2, yana samun sauƙi ne in hoto bai cika motsi ba. Mai karanta labarai a zaune, LP ma ya wadatar. Amma filin kamu? Ana rawa, ana liƙi, leshi na walƙiya, mai kyamara na kutsawa cikin mata. Nan ne fuskar amarya ke farfashewa ta koma 'yan murabba'ai. Wanda ya cusa kamu da ɗaurin aure da dina a faifai ɗaya don ya rage kuɗin emti biyu, wallahi bai kyauta wa zuri'a ba.

30/
Kyamarori ma sun shiga. A 2000 Hitachi ta fito da mai ɗauka kai tsaye a ƙaramin faifai na santimita 8. Gigabait 1.4, kamar minti 30 a fuska ɗaya. Ana tsakiyar huɗubar ɗaurin aure faifai ya cika.

31/
Abin da mutane ba su sani ba: ƙaramin kaset ɗin MiniDV da ya fito a 1995 yana ajiye kusan gigabait 13 a awa ɗaya. Wato in da shi aka ɗauki bikin sannan aka juye a DVD, kaset ɗin ya fi faifan hoto nesa ba kusa ba. Wanda ya ci karo da shi a kayan gida, asalin ke nan ya samu.

32/
Wa ya ci damben? Babu. A ƙarshen 2002 Sony, wadda ke cikin tawagar "+", ta fito da DRU-500A mai ƙona duka biyun. A 2003 LG ta kawo Super Multi, har da DVD-RAM. Kafin a jima kowace na'ura ta zama mai cin kowane tuwo. Kamfanoni suka ci gaba da karɓar lasisinsu ta ɓangarori biyu, kuɗin kuma a cikin farashin da mai saye ya biya yake.

33/
Mai hawa biyu, gigabait 8.5, "+" ne suka riga fitarwa a 2004, "-" suka biyo a 2005. Ya fi tsada, kuma wasu na'urorin kan yi tuntuɓe a wajen sauya hawa.

34/
Ba su daddara ba, suka sake wani zagayen: Blu-ray na su Sony da Panasonic da Philips, gigabait 25, da HD DVD na Toshiba, gigabait 15. A Janairun 2008 Warner ta koma Blu-ray, ranar 19 ga Fabrairu Toshiba ta miƙa wuya. A Japan an yi ta ɗaukar talabijin a Blu-ray. Mu nan bai ma sauke kaya ba memori da masu tura fim a waya suka sha gabansa.

35/
Mu dawo kan rini. Abin da ke yanke tsawon ran faifai shi ne masana'antar da ta yi shi da inda aka ajiye shi, alamar "-" ko "+" ba ta da ta cewa sosai a nan. Sunan da ke saman faifai kuma sau da yawa ba na maƙerinsa ba ne. Masana'antu ƙalilan ne suka riƙa yi a wancan lokacin: Taiyo Yuden da Mitsubishi a Japan, CMC da Ritek a Taiwan, Moser Baer a Indiya, da wasunsu. Sauran buga suna kawai suke yi.

36/
Kowane emti yana da lambar maƙerinsa a ɓoye a ciki, manhaja irin ImgBurn na nuna ta. Masu abin a hannu da ita suke sayayya. Na Taiyo Yuden ya yi sunan da har masu jabu suka riƙa satar lambarsa suna sa wa nasu. Mu kuwa me ke isowa shagunanmu? Tulin guda 50 a leda, mai araha, wani ko suna babu.

37/
Zafi, hasken rana, danshi: su ne maƙiyan rini. Yanzu ka tuna ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu, ka tuna laimar Agusta, ka tuna ƙurar hunturu. Ka tuna faifan da aka bari a gaban mota.

38/
Mugun abin shi ne ba ya gargaɗi. Kaset in ya tsufa hoto ke dishi-dishi, kana gani kana haƙuri. DVD yana da lissafin gyara kuskure da ke rufa masa asiri, yana ruɓewa a ciki yana nuna maka hoto garau. Ranar da kurakuran suka fi ƙarfin lissafin, sai ya cije.

39/
Kuma tunda daga tsakiya ake rubutawa zuwa baki, bakin kuma nan ne faifai mai araha ya fi rauni, nan ne yatsu ke taɓawa, ƙarshen bidiyon ne ke fara tafiya. Za ku ga isowar baƙi da rabon abinci. Kai amarya, da nasihar da tsohuwa ta yi mata a bakin ƙofa, su ne a bakin faifai.

40/
CD da DVD ba gini ɗaya ba ne. A CD bayanan na can sama, dab da fuskar da ake rubutu, don haka wanda ya danna biro ya rubuta "Bikin Anti" zai iya huda su. A DVD faranti biyu ne masu kaurin milimita 0.6 aka manne, bayanan na tsakiya. Shi lanƙwasawa ce ke cutar da shi, musamman wajen fizgo shi daga gidansa. Gogewa kuma daga tsakiya zuwa baki ake yi, ba a kewaye ba.

41/
A 2009 aka fito da M-DISC, wanda ba rini a cikinsa, masu shi suka ce zai shekara 1,000. Su suka faɗa. Ba wanda zai tsaya ya karɓi canji in bai kai ba.

42/
Ko faifan ya rayu, masu yinsa da masu karanta shi na ta rufe shago. Taiyo Yuden ta daina a 2015. Funai ta ƙera bidiyon VHS na ƙarshe a Yulin 2016. Mitsubishi ta sayar wa CMC da Verbatim a 2019. Panasonic ta daina emtin Blu-ray a Fabrairun 2023, Sony a Fabrairun 2025. Laftof ɗin da ke hannunku ma da wuya in yana da bakin faifai.

43/
Kwashewa ba wuya. A nemi na'urar DVD ta waje mai igiyar USB. In DVD ne, a kwafe jakar VIDEO_TS gaba ɗayanta, kada a tsinci fayil ɗaya. In VCD ne, bidiyon na cikin MPEGAV, fayil mai ƙarewa da DAT. VLC na kunna duka. A ajiye a wuri biyu, ɗaya a wani gidan. In za a tura wa dangi ta WhatsApp a tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai sake matse abin da dama a matse yake.

44/
In na'ura ɗaya ta ƙi karantawa a gwada wata, ba ƙarfin ido ɗaya gare su ba. A fara da waɗanda ba su da suna a jiki, da waɗanda bayansu ya fara dabbare-dabbare. In kuma kun ci karo da mai 'yan layukan nan kamar zanen tabarma, DVD-RAM ne, sai na'urar da aka rubuta wa RAM ko Multi a goshi. Wanda ya samu irinsa a gidansu don Allah ya ɗora mana hotonsa a ƙasa, ina son in ga ko sun iso nan.